Mijin surukata ya ce a ƙone shi a Tailan, kuma kowa ni yake kallo

Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan Kano ne, shekarata tara ina harkar duwatsu masu daraja tsakanin Bankok da Cantaburi a ƙasar Tailan. Matata 'yar ƙasar ce, ta musulunta kafin aurenmu, muna da yara biyu, babban namiji ne ɗan shekara takwas. Mahaifiyarta mabiyar addinin Buda ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Udon Tani tare da mijinta, wani dattijo Bajamushe wanda ya riƙe matata tun tana ƙarama, shi ya biya mata kuɗin makaranta har ta gama. Yanzu ciwon daji ya kwantar da shi, likitoci sun ce a koma gida a yi ta haƙuri. Ya ce kada a mai da shi Jamus, a ƙone gawarsa a wat ɗin ƙauyen, wato gidan ibadar mabiya Buda. 'Ya'yansa na can ba sa ɗaga waya. Surukata ta ce mu tanadi bat 200,000 na kuɗin ƙasar, kuma kowa ni yake kallo. Shin haka kuɗin yake, ko don an ga baƙo ne? Ya halatta in sa dukiyata a ciki? Sannan tun da maganar nan ta taso barci ya ƙaurace mini, ina tunanin idan ni ne na faɗi a ƙasar nan me za a yi da gawata.

Ɗanka daga Cantaburi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sassauta wa dattijon nan, Ya ba matarka juriya. Mutumin da ya riƙe 'yar da ba shi ya haifa ba, ya ci da ita, ya tufatar da ita, ya kai ta makaranta har ta zama uwar 'ya'yanka, yana da haƙƙi a kanka ko da alƙiblarku ba ɗaya ba ce. Na ji daɗi da ka rubuto yana da sauran numfashi, domin kusan duk abin da zan gaya maka da ransa ake yin sa. Tun ran gini tun ran zane.

Bari in fara da kuɗin. Surukarka ba ƙarya ta yi maka ba, kuma ba na jin don ta ga baƙo ne. A ƙauyukan yankin Isan, inda Udon Tani take, ana kashe bat 200,000 a mutuwa guda, har a wuce. Ga masu karatu da ba su san kuɗin ƙasar ba, dala ɗaya tana kaiwa bat talatin da 'yan kai, don haka maganar kusan dala dubu shida ake yi. Sai dai ita ƙona gawar, wato kunna murhun nan mai dogon bututun hayaƙi da suke kira men, tana cikin mafi araha a duk lissafin. 'Yan dubban bat ne na gawayi ko na dizal, da ɗan hasafin mai kula da murhun. Abin da ke cinye kuɗi shi ne kwanakin da gawa za ta yi kafin a kai ta can, da bakunan da za a ciyar a cikin kwanakin.

A shekarun da nake zuwa Bankok saro kaya a kasuwar Pratunam, mahaifiyar wani mai shago da muka daɗe muna hulɗa ta rasu, na je yi masa gaisuwa. Bayan faɗuwar rana aka taru a wata rumfa cikin harabar wat, kowa sanye da baƙi ko fari. Akwatin yana can sama cikin furanni, hotonta a gefe. Limaman addinin Buda huɗu suka zauna a jere, kowanne ya kare fuskarsa da wani mafici mai dogon mariƙi, suna rera karatunsu. Kafin su fara na ga ɗan nata ya je ya ƙwanƙwasa akwatin a hankali, kamar mai tada mai barci, yana gaya wa uwar ta saurara. Wannan ya tsaya mini a rai har yau. Da aka ɗan huta, yara suka zaga da ƙananan kwalaye, kowanne da kek da lemo, aka ba kowa nasa. A jikin bango kuma fankoki ne a jere, an liƙa wa kowacce sunan wanda ya aiko ta a madadin furannin ta'aziyya, za a bar wa wat ɗin idan an gama. Washegari aka sake haka, jibi ma haka, har dare biyar. Ni ɗan kasuwa ne, ko ban so ba sai da idona ya yi lissafi: kowane dare ana biyan hayar rumfa, ana ba kowane limami ambulan da ɗan kayan masarufi, ana sayen kwalayen nan daidai da yawan mutane, ana biyan wuta da masu shara da mai lasifika.

Dararen nan mara ake yin su, ɗaya ko uku ko biyar ko bakwai. Akwatin katako marar ado 'yan dubbai ne, mai sassaƙa da ruwan zinare yana kai dubbai goma-goma. Idan za a daɗe sai an yi hayar akwati mai sanyi, ko a yi wa gawar allurar hana ruɓa. Ranar ƙonawa akwai mayafan da ake miƙa wa limamai, da furannin itace da ake raba wa kowa ya ajiye a gindin akwati, da 'yar tsarabar da ake ba mahalarta. Washegari da safe a tattara ƙashi da toka, wasu su ajiye a wat, wasu su ɗauki hayar jirgin ruwa su zuba a kogi ko teku. Daga baya kuma ga sadakar kwana bakwai, da ta hamsin, da ta ɗari. A ƙiyasi, wanda ya yi dare ɗaya a wat na talakawa, da akwati marar ado, zai iya gamawa tsakanin bat 20,000 da 40,000. Dare uku a Bankok, ba ƙarya ba ƙaranta, yakan faɗa tsakanin 50,000 da 100,000. Manyan wuraren da masu hali ke kai nasu, irin su Wat That Thong da Wat Thepsirin, dare bakwai a can sai a yi maganar ɗaruruwan dubbai. Ka kuma sani yawancinsu ba sa ƙona gawa ranar Juma'a, saboda sunan ranar a harshensu ya yi kama da kalmar farin ciki, don haka wani lokaci kalanda ce kawai za ta ƙara maka dare guda.

A ƙauye hayar rumfa ba ta da yawa, sau da yawa ma a gida ake ajiye gawar a kafa tanti a ƙofar gida. Amma can ne abinci yake zama babban lissafi. Ƙauyen gaba ɗaya a gidan zai ci, safe da rana da dare. Za a yanka alade ko saniya, mata su kwana suna girki, maza su kwana suna hira don kada a bar gidan shiru, kuma a wurare da yawa da giya ake wannan kwanan zaune. Sannan ga abin da ba a rubutawa a takarda, wato idon jama'a. Matar da ta auri Bature, mutane sun ɗauka tana kwance kan kuɗi. Idan ta sallami mijinta a dare ɗaya za a ce ta ci dukiyarsa ta yar da shi. Wannan 200,000 da ka ji, rabinta tsoron bakin mutane ne, kuma kada ka raina wannan tsoron, don kai ma ka san abin da ake kashewa a sadakar uku da ta arba'in a wasu gidajen namu saboda kada a ce.

Akwai kuma kuɗin da ke shigowa, wanda ban ji an ambata maka ba. Duk wanda ya zo gaisuwa da ambulan yake zuwa, ana rubuta sunansa da abin da ya kawo a littafi, domin ranar tasa a rama. Wasu kan ɗauki nauyin dare guda sukutum. Matar da ta shekara ashirin tana kai ambulan gidajen mutane, ranarta ce ta zo. Bayan wannan, ƙauyukan ƙasar da yawa suna da wani irin adashin mutuwa da suke kira chapanakit, kowane gida yana zuba ɗan abu duk lokacin da wani memba ya rasu, a tara a ba iyalinsa. Bankin manoma na gwamnati ma yana da irinsa ga abokan hulɗarsa. Ka sa matarka ta tambayi uwarta ko an taɓa sa sunan dattijon a ɗaya daga ciki. Shi ɗan fansho ne, da wuya ya shiga tsarin inshorar ma'aikata na ƙasar, amma ga baƙon da ke aiki da izini ana cire masa kuɗin inshorar duk wata, hukumar tana ba da bat 50,000 na jana'iza. Ka riƙe wannan saboda kanka da abokanka.

Wat ba ya ƙara wa gawa kuɗi don ta Bature ce. Inda baƙunci yake tsada shi ne wajen takardu. Dole a kai rahoton mutuwa ofishin gunduma cikin sa'o'i 24 a karɓi takardar shaidar mutuwa, kuma ba wat ɗin da zai kunna murhu bai gan ta ba. Idan ya cika a asibiti a hannun likitocin da ke duba shi, su za su rubuta dalilin mutuwa, abin ya zo da sauƙi. Idan a gida ne, sai an kira dagaci da 'yan sanda, kuma gawar baƙo galibi akan wuce da ita wurin likitan binciken gawa. Saboda haka ku nemi likitansa ya rubuta takarda tun yanzu, mai bayyana ciwon da matakin da ya kai, a ajiye ta kusa da fasfonsa. Bayan wannan, asibiti ko 'yan sanda ba sa sakin gawar baƙo sai ofishin jakadancin ƙasarsa ya ba da wasiƙa cewa wane ko wance ce ke da ikon karɓa. Ofishin jakadancin Jamus yana Bankok, fiye da kilomita 500 daga Udon Tani, kuma ba ya aiki Asabar da Lahadi. Ba ya biyan ko sisi na jana'iza, kada kowa ya sa rai.

Ga tambayar da nake so ka yi yau, kafin ka gama karanta wannan ma idan zai yiwu: auren surukarka da dattijon nan an yi masa rajista a ofishin gunduma, ko bikin ƙauye kawai aka yi aka ɗaura zare a hannu? Aure da yawa a Isan a nan ya tsaya, kuma doka ba ta san shi ba. Idan akwai rajista, ita ce makusanciyarsa, wasiƙar za ta fito da sunanta. Idan babu, ofishin jakadanci zai juya ya nemi 'ya'yan nan da ba sa ɗaga waya, gawa kuma tana kwance a mutuware ana lissafa mata kuɗi kullum, tsohuwa tana gida tana kuka ba ta da ikon taɓa mijin da ta yi jinya. Na fi jin tsoron wannan a kan duk wani lissafin akwati da furanni. Idan babu rajistar, kuma hankalinsa yana jikinsa, ku tuntuɓi lauya da ofishin jakadancin a makon nan a ga abin da za a iya cetowa. Rajistar tana da wani amfanin: tsarin fanshon Jamus yana ba matar mamaci wani kaso na fanshon mijinta, amma sai auren da doka ta sani, wanda galibi ya kai shekara guda. Za a buƙaci a fassara takardar mutuwar, a kai sashen kula da harkokin jakadanci na ma'aikatar harkokin waje da ke titin Chaeng Watthana a buga mata hatimi. Ku yi kwafi da yawa tun farko.

Akwai kamfanonin jana'iza da suka ƙware a kan baƙi, su bi takardu, su ɗauko gawa, su shirya da wat. Suna da amfani ga wanda ba shi da kowa ko ba ya jin yaren. Kai kana da mata 'yar ƙasa, kuma ƙauyen ya san hanyar wat ɗinsa. Idan za ka ɗauke su, ka ɗauke su don takardu kaɗai, kuma su rubuta maka farashin kowane abu daban.

Yanzu wa zai biya? Shi dattijon. Baƙon da ke zaune a Tailan da bizar ritaya sai ya nuna bat 800,000 a banki ko kuɗin shiga na 65,000 a wata. Mai bizar aure kuwa 400,000 ne ko 40,000 a wata. Ko ta wace ƙofa ya zauna, yana da wani abu. Matsalar ita ce ranar da banki ya ji ya rasu zai rufe asusun, kuma ba mai taɓa shi sai kotu ta naɗa mai kula da gado, abin da ke ɗaukar watanni. Nan ne mutane ke ɗaukar katin ATM na mamaci su je su cira a ɓoye. Kada ka yi, kada ka bari matarka ta yi, domin 'ya'yan da suka ƙi ɗaga waya yau suna iya ɗaga ta ranar da suka ji maganar gado, kuma kai baƙo ne mai biza a hannun hukuma. Hanya mai tsabta ita ce shi da kansa, da hannunsa, ya cire abin da ya ga zai isa jana'izarsa ya ba matarsa, a rubuta. Ya kuma yi wasiyya a rubuce, da kwanan wata, ya sa hannu gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Dokar ƙasar ta ba mutum damar ambata wanda zai kula da jana'izarsa, kuma ta sa kuɗin jana'iza cikin abubuwan farko da ake fitarwa daga dukiyar mamaci. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, haka malamanmu suka karantar: likkafani da kabari daga dukiyar mamaci suke fita kafin bashi da wasiyya da gado. Duk abin da ka kashe kafin nan, ka riƙe rasidinsa.

Kuma ka tambaye shi dare nawa yake so. Turawa da yawa irinsa ba sa son taro. Idan ya ce da bakinsa, gaban matarsa da dagaci, dare uku sun ishe shi, akwati marar ado, ba giya, ya sauke wa tsohuwar nan kayan da ba za ta iya saukewa da kanta ba. Duk wanda ya yi gunaguni sai ta ce wasiyyarsa ce. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sai maganar halacci, wadda na san ita ce ta sa ka rubuto. Ƙona gawa ba tafarkinmu ba ne, ba mu yi wa namu, ba mu kuma zaɓa wa wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Alƙur'ani a suratu Tauba ya hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. Wannan iyaka ce, ba a tsallake ta don kunyar suruka. Amma a ɗaya gefen, suratu Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, suratu Luƙman ta ce a zauna da iyaye da alheri a duniya ko da sun kira mu ga abin da ba za mu bi ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, aka ce ta sada zumunci da ita. Gawar Bayahude ta wuce Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ce? Kuma Risala da ka karanta a zaure ta ce Musulmi ba ya wanke mahaifinsa kafiri, ba ya sa shi a kabari, sai idan ya ji tsoron zai tozarta, to sai ya suturta shi.

Abin da na fahimta daga waɗannan, kuma shi zan yi da ni ne a matsayinka: ka raba lissafin gida biyu. Kuɗin murhu, da ambulan ɗin limamai, da mayafansu, da turare, su fito daga dukiyar mai wasiyyar da ambulan ɗin jama'arsa. Kai ka ɗauki asibiti, wanda sau da yawa ya fi jana'izar tsada, musamman idan mai zaman kansa ne. Ka ɗauki mota, da zirga-zirgar takardu, da fassara, da mutuware idan an jira. Ka sayi shinkafa da kaji da ruwan sha na masu gaisuwa, ka bar alade da giya ga wanda ya ga zai iya. Mafi girma duka, ka ɗauki tsohuwar bayan an watse, lokacin da fansho ya tsaya, banki ya rufe, mutane suka koma gonakinsu. A nan za a gane surukin kirki. Idan ka ba ta kyauta don ta rufa wa kanta asiri, ta zama dukiyarta. Ka je wurin, ka sa baƙin kaya, ka gaisa da mutane, ka ɗauki kujeru, ka tsaya kusa da matarka. Lokacin da aka fara karatu ko zuba ruwan sadaukar da lada ko miƙa turare, ka koma gefe ka zauna cikin natsuwa. Mutanen Tailan sun saba da maƙwabta Musulmi, sun san akwai abin da ba sa yi, kuma abin da ke ɓata musu rai shi ne ɗaga murya da nuna ƙyama. Ka kuma zauna da limamin masallacin da kake salla, ɗan ƙasa wanda ya sha ganin sababbin musulunta da iyayensu mabiya Buda, ka ji ta bakinsa a kan abin da ya shige maka duhu.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba, amma yana zuwa. Suna da al'adar da ake kira buat na fai: ranar ƙonawa sai a aske wa 'ya'ya ko jikoki maza kai da gira, a sa musu rawayen mayafi su zama ƙananan limamai na yini guda, su ja gaban akwati, ladan ya tafi ga mamaci. Dattijon nan ba shi da ɗa a kusa. Ɗanka mai shekara takwas shi ne jikan da ido zai faɗa kansa. Idan ka bari sai ranar, ga aska a hannun kawu, ga kaka tana hawaye, duk amsar da ka bayar za ta bar tabo. Matarka ce za ta yi wannan maganar da uwarta, yanzu, su biyu a ɗaki, da harshensu. Ta ce yaron zai zo, zai riƙe hoton kakansa idan ana so, zai raba ruwa ga baƙi, amma ba za a aske shi ba. A dangi ba za a rasa wani yaron da iyayensa za su yi murna da wannan matsayi ba. Ka tausaya wa matarka a kwanakin nan, ɗana. Tana tsakanin uwar da ta haife ta, da mutumin da ya rene ta, da addinin da ta zaɓa. Kada ka zama mai gadinta, ka zama wanda take jingina da shi.

Na dawo kan barcinka. Tsoron da kake ji yana da tushe, amma maganinsa a hannunka yake. Ba a ƙona Musulmi a Tailan don ƙeta. Ƙasar tana da miliyoyin Musulmi, da ofishin Shaihul Islam da hukuma ta amince da shi, da maƙabartu da suke kira kubo. A Bankok kaɗai, masallacin Harun da ke Bang Rak, kusa da inda 'yan harkarku ke hada-hada, yana da maƙabartarsa, haka ma masallacin Ton Son a ɗaya gefen kogi. Wanda ke cikin haɗari shi ne baƙon da ya faɗi ba wanda ya san shi, ba takarda a jikinsa, ko yana yawo da sunan da ba nasa ba. Irin wannan ƙungiyoyin agaji kamar Poh Teck Tung da Ruamkatanyu ne ke ɗaukarsa, su ba shi akwatin sadaka, a binne shi a maƙabartar marasa dangi, bayan shekaru a tono su a ƙone gaba ɗaya. Aikin jinƙai suke yi da iyakar saninsu, ba su da hanyar gane cewa wannan yana salla.

Don haka duk abin da na ce a yi wa dattijon, ka yi wa kanka. Aurenku ya zama da rajista a gunduma, ba ɗaurin masallaci kaɗai ba. Ka rubuta wasiyya da yaren ƙasar da Turanci, ka ce kai Musulmi ne, a yi maka wanka da salla a binne ka, ka ambaci matarka da wani amintacce daga jama'ar masallaci a matsayin masu kula da jana'izarka. Ka tambayi kwamitin masallacin yadda suke karɓar gawar baƙo da abin da ake biya, domin kowace maƙabarta da ƙa'idarta. Ka sa kati a walat ɗinka da lambobin waya biyu. Ofishin jakadancin Nijeriya a Bankok ya san da zamanka, fasfonka da bizarka su kasance a raye. Matarka ma ta yi tata wasiyyar, ta ajiye takardar shaidar musuluntarta, don idan ta riga uwarta, dangi za su so su yi mata abin da suka sani. Kuma ka gaya wa 'yan'uwanka na Kano tun yanzu inda kake so a binne ka. Ɗauko gawa daga Bankok zuwa gida yana cin fiye da bat 100,000 nesa ba kusa ba, sai an yi mata allura, an rufe ta a akwatin ƙarfe, an yi kwanaki ana bin takardu, alhali an umarce mu da gaggauta jana'iza. Ni dai da za ka ji tawa, ƙasar Allah ce ko'ina, kuɗin ya zauna wa marayu.

Ka rufe shago kwana uku, ka ɗauki matarka da yaran ku tafi Udon Tani. Ka zauna a bakin gadonsa, ka gode masa da bakinka a kan abin da ya yi wa matarka, don wataƙila ba wanda ya taɓa gode masa. Idan ka ga fuska, ka gaya masa abin da ka yi imani da shi cikin taushi, sau ɗaya, ba tare da ka matsa wa marar lafiya ba. Sannan ka fito da littafi da biro, ka ce masa: Baba, faɗa mini yadda kake so a yi, da inda takardunka suke.